Kyautata Irin Kittani Don Gonakin Kan Dutse: Sharhi a Kan Hanyar Binciken da Ake Bi a Himachal Pradesh

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wani rukuni na rubuce-rubucen masana kyautata iri, watau waɗanda suka shafi neman ƙarin amfanin ƙwayar kittani a gonakin kan duwatsu. Mun ɗauki jihar Himachal Pradesh ta arewacin Indiya ta zama abin nazarinmu, domin kuwa can an daɗe ana wannan aiki, kuma can ya fi sauƙi a ga inda hanyar binciken ta dace da inda ta kauce. Ba mu zo da sakamakon wani gwaji namu ba. Karatu muka yi, irin na malamin da ya wajaba ya tsaya gaban ɗalibai ya ce musu ga yadda ake yi, sa'an nan ya koma gida yana tambayar kansa ko abin da ya koyar zai amfani mai gona. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, amfanin da mafi yawan waɗannan rubuce-rubuce suke aunawa ba shi ne amfanin da manomin kan dutse yake rasawa ba.

Kafin mu shiga, ya kamata mu gabatar da tsiron, tun da ba ya cikin abubuwan da muka saba nomawa a ƙasar Hausa. Sunan kittani ta hanyar zare da tufafi muka san shi, kuma daga Larabci muka aro shi. Masana ilimin tsirrai suna kiransa Linum usitatissimum, Indiyawa suna cewa alsi, Habashawa kuma talba. Tsiro ne siriri mai shuɗin fure ko fari, wanda ake nomawa don abu biyu: dogo maras rassa don zare, gajere mai rassa don ƙwaya. Ƙwayar tana kama da riɗi, sai dai ta fi shi girma da santsi da sheƙi. Nauyin ƙwaya 1,000 yakan kama daga gram 4 zuwa 10, kuma mai ya kai kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na nauyinta. Fiye da rabin wannan mai na jinsin da ake kira omega-3 ne, wanda shi ya sa yake bushewa idan ya sha iska, har ya zama abin haɗa fenti, shi ne kuma ya sa masu kula da lafiya suke neman ƙwayar a yau. Akwai siffofi biyu na tsiron da muke roƙon a riƙe, don za mu komo kansu. Ta farko, kwanson da ke ɗauke da ƙwaya ɗaki goma gare shi, ƙwaya ɗaya a kowane ɗaki, saboda haka ba ya wuce ƙwaya 10. Ta biyu, furen yana barbarar kansa da kansa: yakan buɗe da safe, kafin rana ta take ya zube, aikin ya riga ya ƙare.

2.0 Gonar da Ake Magana a Kanta

Gundumar Kangra tana gindin tsaunukan Dhauladhar, wani reshe na Himalaya. A garin Palampur na wannan gunduma, a tudun da ya kai kimanin mita 1,300 daga saman teku, aka kafa jami'ar aikin gona ta jihar a 1978, kuma daga nan ne aka fitar da ire-iren kittani da dama don wannan yanki. Gonakin wurin ƙanana ne, an sassare su hawa-hawa a jikin tudu kamar matakala, wata ma ba ta fi tsakar gida faɗi ba. Damina tana sauka da ƙarfi daga watan Yuni zuwa Satumba, a lokacin ne ake noman shinkafa da masara. Daga Oktoba sai noman hunturu, na alkama da sha'ir da kittani, wanda ya dogara ga laimar da damina ta bari da kuma ruwan sanyi da ke zuwa jefi-jefi daga yamma.

Manomi yana shuka kittani ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: a huɗe gona, a gyara ta, a shuka. Ta biyu ita ce ake kira utera, wasu kuma su ce paira, kuma ita ce ta fi damun mu a wannan takarda. Saura kamar kwana goma ko mako biyu a yanke shinkafa, sai manomi ya shiga ya yafa irin kittani a tsakanin shinkafar tana tsaye. Ba huɗa, ba kaftu, ba rufe iri. Ƙwayar za ta faɗa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta tsira a inuwar shinkafa, masu girbi su bi ta kanta su tattake, sa'an nan abin da ya rage ya tashi a tsakanin tushiya, cikin ƙasar da ruwan shinkafa ya danne har ta yi tauri. Taki kuwa, in ma an sa, kaɗan ne. Wanda ya san yadda manominmu ke shuka wake a ƙarƙashin gero, ko yadda mutanen Borno ke dasa masakwa a firki bayan ruwa ya janye, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kada a ɗauka lalaci ne ya kawo wannan al'ada. Fadamar shinkafa takan daɗe da danshi bayan girbi, garma ba ta shiga. Kafin ta bushe ta huɗu, lokacin shuka ya ƙure, laimar sama kuma ta tafi. Da utera manomi yana cin kaka biyu a gona ɗaya ba tare da ya kashe kome ba sai iri. Idan an samu, riba ce. Idan ba a samu ba, asarar ba ta kai ta karya gida ba.

Amma fa abin da ake samu ɗin kaɗan ne, kuma noman kittani a Indiya baki ɗaya ya ja baya ƙwarai. A shekarun 1970 filin da ake nomawa ya kai kusan hekta miliyan 2. Zuwa shekarun 2010 bai kai rabin miliyan ba. Har zuwa 2010 matsakaicin amfanin ƙasar bai kai kilo 500 a hekta ba, alhali a gonar gwaji ba abin mamaki ba ne iri ya haura kilo 1,000. Yanzu ƙasashen Rasha da Kazakistan da Kanada da Sin su ne kan gaba a duniya. Wannan tazara da ke tsakanin gonar gwaji da gonar talaka ita ce ya kamata rubuce-rubucen su fuskanta. Bari mu ga ko sun yi haka.

3.0 Abin da Ake Aunawa

Duk wanda ya karanta goma daga cikin waɗannan rubuce-rubuce, kamar ya karanta ɗari ne. Mai bincike zai tara ire-iren kittani talatin ko hamsin, ya shuka su layi-layi a gonar tasha da aka gyara, aka sa wa taki, aka nome. Kowane iri a maimaita shi fegi biyu ko uku. Idan sun nuna, sai ya zaɓi tsiro biyar ko goma daga kowane fegi, ya auna tsayinsu, ya ƙidaya rassa, ya ƙidaya kwanso, ya ƙidaya ƙwaya a kwanso, ya auna nauyin ƙwaya 1,000, ya auna amfanin kowane tsiro. Daga nan sai lissafi: wace siffa ce take tafiya tare da amfani, kuma wacce ce take tasiri a kansa kai tsaye? Wannan lissafi na biyu, wanda za mu kira lissafin bin sawu, Sewall Wright ne ya ƙago shi a 1921, Dewey da Lu kuma suka shigo da shi cikin aikin kyautata iri a 1959. Tun daga ranar bai huta ba. Hukuncin da ake yankewa kuwa kusan kullum ɗaya ne: yawan kwanso a tsiro shi ne ya fi alaƙa da amfani, don haka a zaɓi tsiro mai yawan kwanso.

Ba mu ce wannan hukunci ƙarya ne ba. Aibinsa shi ne ba zai taɓa zama ƙarya ba, ko an yi gwajin ko ba a yi ba. Amfanin tsiro ɗaya ba wani abu ba ne illa yawan kwansonsa, a ninka da ƙwayar da ke kowane kwanso, a ninka da nauyin ƙwaya. Mun riga mun ga cewa ƙwaya a kwanso ba ta wuce 10, nauyin ƙwaya ma yana da iyakarsa, amma kwanso yana iya zama biyar a wannan tsiro, ya zama hamsin a wancan. To, idan abu uku aka ninka, biyu ba su cika motsi ba, ɗaya yana hawa da sauka, ai dole sakamakon ya bi mai hawa da saukan. Tamkar mutum ne ya yi shekara yana bincike a kasuwa, ya dawo ya ba da labarin cewa wanda ya fi yawan buhuna shi ya fi yawan hatsi.

Babbar matsalar tana gaba. Manomi ba tsiro yake girbewa ba, gona yake girbewa. Saboda haka abubuwan da za a ninka huɗu ne, ba uku ba, na huɗun shi ne yawan tsirran da suka tsaya a kowace murabba'in mita. A gonar tasha wannan adadi a hannun mai bincike yake: shi ya sa iri da awo, shi ya rufe, shi ya yi tsinke har ya daidaita. Tun da ya daidaita shi, ya fitar da shi daga lissafi ke nan. A gonar utera kuwa wannan adadi shi ne ya fi kowanne lalacewa.

Bari mu kawo misali. Alƙaluman namu ne, mun ƙaddara su don a ga yadda lissafin yake tafiya, ba daga wani gwaji muka ɗauko su ba. A ce a tasha tsiro 300 suka tsaya a murabba'in mita, kowanne da kwanso 10, kowane kwanso da ƙwaya 7, nauyin ƙwaya 1,000 kuma gram 6. Wannan ya ba da kilo 1,260 a hekta. A kai irin nan gonar utera, a ce tsiro 100 kaɗai suka tsallake inuwa da tattaka da taurin ƙasa. Amfani ya faɗo zuwa kilo 420. Yanzu a ce mai kyautata iri ya yi shekaru yana zaɓe, har ya ƙara kwanso daga 10 zuwa 12, abin da duk wanda ya san aikin zai yarda ba ƙaramar nasara ba ce. Manomi ya tashi da kilo 504. Amma a ce an sami wani iri wanda kwansonsa 8 ne kacal, sai dai tsiro 200 suke tsayawa. Wannan zai ba da kilo 672. A gonar tasha irin nan mai kwanso 8 tun zagayen farko za a jefar da shi, domin a ma'aunin tasha shi ne koma-baya.

Waɗanne siffofi ne suke sa tsiro ya tsaya a gonar utera? Ƙwaya ta iya tsira a sarari ba tare da an rufe ta ba. Saiwa ta iya huda ƙasa mai tauri kafin samanta ya bushe. Jaririn tsiro ya jure inuwa na mako biyu, ya jure ƙafar mai girbi, ya tashi da sauri kafin ciyawa ta rufe shi, ya jure yawan ruwa a farko da ƙarancinsa a ƙarshe. Da wuya a ga ɗaya daga cikin waɗannan a jadawalin siffofin da aka saba aunawa. Abin da ya ƙara ba mu mamaki shi ne magabata sun kula da wannan fanni. A 1924 Gabrielle Howard da Abdur Rahman Khan, suna aiki a Pusa, sun kasa kittanin Indiya gida biyu: na baƙar ƙasar tsakiya da kudu, mai doguwar saiwa da manyan ƙwaya, da na kwarin Ganges, mai gajeriyar saiwa mai yaɗuwa da ƙananan ƙwaya. Watau shekara ɗari da suka wuce an tona an dubi saiwa, an kuma gane cewa ƙasa ce ta siffanta irin. Mu da muke da kwamfuta mun koma ƙidayar abin da ke sama kawai, saboda shi ne mai sauƙin ƙidaya.

Har ila yau, ko a gonar da aka gyara, zaɓen tsiro mai yawan kwanso yana da tarko. M. W. Adams ya nuna a 1967, a kan wake, cewa sassan amfani ramuwa suke yi wa juna: idan ɗaya ya ƙaru sai wani ya ragu, domin abinci ɗaya suke rabawa. C. M. Donald na Ostareliya kuma ya yi gargaɗi a 1968 cewa tsiron da ya fi kyau shi kaɗai sau da yawa maƙwabtansa ya danne, kuma idan aka cika gona da irinsa sai su danne juna. Tsiro biyar ɗin nan da ake zaɓa daga fegi ba za su faɗa mana wannan ba.

Sauran abubuwa biyu ba za mu daɗe a kansu ba. Akan ba da adadin ƙarfin gado, watau kashi nawa na bambancin da aka gani tsakanin ire-iren ne ya fito daga jini, ba daga muhalli ba, kuma sau da yawa adadin yakan fito da girma har ya faranta rai. Amma idan a wuri ɗaya aka yi gwajin, a shekara ɗaya, to, dacewar da iri ya yi da wannan wuri da wannan shekara ta shiga cikin adadin ta kumbura shi. A ƙasar da gona biyu masu kallon juna suke bambanta saboda ɗaya tana fuskantar rana ɗaya tana bayan dutse, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Haka nan akan cika shafuka da bayanin ƙarfin ruwa-biyu, watau fifikon da 'ya'yan farko na auren iri biyu suke yi a kan iyayensu. A masara wannan dukiya ce. A kittani kuwa, kowane aure sai an bi ƙaramin fure da hannu an cire sassan namiji, abin da za a samu kuma bai wuce ƙwaya 10 ba, alhali hekta ɗaya tana cin iri kilo da yawa. Fifikon da ba za a iya kai shi gona ba, amfaninsa ga mai kyautata iri bai wuce ishara ba.

4.0 Hanzarin Masu Bincike

Adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren, don suna da hanzari, kuma ba na banza ba ne. Za su ce gonar utera ba ta da daidaito. Nan ruwa ya kwanta, can shanu sun shiga, gaba kaɗan mai yafa iri ya cika hannu. A irin wannan wuri hayaniyar muhalli takan rufe muryar gado, mai zaɓe ba zai san ko irin ne mai kyau ko kuwa wurin da ya faɗa ba. A tasha kuwa ana gani sarai. Wannan gaskiya ne. Sai dai D. S. Falconer ya ba da amsa tun 1952, inda ya nuna cewa siffa ɗaya da aka auna a muhalli biyu ya kamata a ɗauke ta siffa biyu ce, kuma zaɓe a muhalli na farko ba zai amfani na biyu ba sai gwargwadon dangantakar gado da ke tsakaninsu. Ke nan tambayar da ta kamata a fara amsawa ita ce: mene ne ƙarfin dangantakar da ke tsakanin amfanin tasha da amfanin utera? Idan tana da ƙarfi, masu bincike sun yi daidai, mu ne muka yi kuskure. Idan ba ta da ƙarfi, gani sarai ɗin da ake yi a tasha ganin wani abu ne dabam. Wannan tambaya ana iya amsa ta da gwajin shekara biyu ko uku, kuma a ganinmu ta fi lissafin bin sawu ɗari daraja. A wani amfanin gona an riga an yi irin wannan aiki: Salvatore Ceccarelli da abokan aikinsa na cibiyar ICARDA sun nuna a kan sha'ir a busassun yankunan Siriya cewa irin da ya fi kyau a ƙasa mai wahala galibi a can ake gano shi, ba a tasha mai ni'ima ba.

Hanzari na biyu ya fi ƙarfi, kuma mun karɓe shi. Akwai siffofin da suke bin iri duk inda ya je, babba daga cikinsu ita ce jure cuta. Sanyi da danshin kan dutse suna yi wa tsatsar kittani daɗi, haka ma cutar nan mai barbaɗa wa ganye farin gari kamar toka, ga kuma cutar yanƙwanewa da ke zaune cikin ƙasa. A kan tsatsar kittani ne H. H. Flor ya yi aikinsa a jihar Dakota ta Arewa a Amurka cikin shekarun 1940 da 1950, har ya gano cewa kowace ƙwayar gado ta juriya a jikin tsiro tana da takwararta a jikin cutar, ƙa'idar da ilimin cututtukan tsirrai ya ginu a kanta har yau. Juriya irin wannan tana gaduwa a sarari, ana iya tantance ta a tasha, kuma tana aiki a gonar talaka ba tare da ya sayi magani ba. A nan masu kyautata iri sun ci yabo, kuma muna zaton kaso mai tsoka na ƙarin amfanin da sababbin ire-iren suka kawo daga nan ya fito, ba daga ƙarin kwanso ba.

Bugu da ƙari, ba za a ce masana Palampur sun manta da utera ba. Tun daga shekarun 1980 suke fitar da iri: Himalini da Janaki don ƙwaya, Jeevan da Nagarkot don ƙwaya da zare tare, sa'an nan Surbhi da Baner waɗanda aka keɓe don utera. Samuwar waɗannan na ƙarshe shaida ce cewa masu aikin sun san gona biyu ce, ba ɗaya ba. Sukarmu ba a kan ire-iren take ba, a kan tsarin da aka saba bi ne a wannan sana'a ko'ina. Bayan an yi aure tsakanin iri biyu, zuriya ta biyu takan fito da dubban tsirrai mabambanta, sai a yi ta tankaɗe shekara bayan shekara har su koma 'yan kaɗan tsarkakakku, bisa ƙa'idar da Johannsen ya shimfiɗa a 1903. Idan duk wannan tankaɗe a tasha aka yi shi, sai a ƙarshe aka kai goma ko ashirin da suka rage gonar utera, to, abin da aka zaɓa shi ne mafi dama-dama a cikin 'ya'yan tasha. Wanda aka halitta don utera mai yiwuwa ya bi dusa tun shekara ta biyu.

Ba Indiya kaɗai ke da wannan ciwo ba. A tsaunukan Habasha, inda Vavilov ya tattara iri a 1927, kittani yana cikin manyan amfanin gona masu mai, kuma galibi ƙasar da ta gaji ake bar masa, ba taki, ba noma sosai. Cibiyar bincike ta Holetta ta fitar da ire-ire irin su Chilalo da Belay-96 da Berene, amma tambayar Falconer tana nan a kansu kamar yadda take a kan na Kangra. Sabon ilimin ƙwayoyin gado ma bai kawar da ita ba. An karanta dukan littafin gadon kittani a 2012, yanzu ana iya bin alamomi a jinin tsiro a gane mai ɗauke da siffar da ake so tun yana jariri. Amma alama tana nuni ne ga siffar da aka auna lokacin da ake neman ta. Idan kwanson tasha aka auna, kwanson tasha za ta nuna, da sauri kawai.

5.0 Kalmar Amfani da Mai Ita

Akwai kuma abin dubawa a cikin kalmar amfani ita kanta. A rubuce-rubucen, amfani shi ne nauyin ƙwaya. A gidan manomin kan dutse, ƙwayar tana ba da mai, tunkuzar da ta rage abincin saniya ce, karan kuma yana iya ba da zare. Lokacin nuna ma amfani ne, domin irin da ya ƙara kilo hamsin amma ya riƙe gona har lokacin gyaran shinkafa ya gabato, ya ci da hannun dama ya zubar da na hagu. Mu a nan mun taɓa koyon wannan darasi. Binciken da David Norman ya jagoranta daga Samaru a ƙauyukan Zariya, daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1970, ya nuna cewa manomin da ya ƙi barin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba jahilci ya hana shi ba, lissafinsa ne ya bambanta da na tasha, kuma a halin da yake ciki nasa ne ya fi daidai.

Barbarar kai da kittani yake yi tana da fuska biyu ga wannan manomi. Irin da ya shiga hannunsa zai iya ajiye shi shekara da shekaru bai canja ba, dokar Indiya ta 2001 kan kare ire-iren tsirrai da haƙƙin manoma kuma ta tabbatar masa da ikon ajiyewa da musanyawa. Amma saboda wannan dalili ɗin ne ɗan kasuwa ba shi da kwaɗayin hawa dutse da buhun irin da sau ɗaya za a saya. Ke nan yaɗuwar iri ta dogara ga maƙwabci ya gani a gonar maƙwabci ya roƙa. Irin da aka tankaɗe a gonar manomi, yana kallo, yana sa baki, ya riga ya yi rabin wannan tafiya kafin a raɗa masa suna.

Me ya sa, duk da haka, rubutun tsiro biyar da lissafin bin sawu ya ƙi ƙarewa? A nan dole mu haɗa da kanmu. Gwajin kaka ɗaya a bayan ofis yana haifar da takarda cikin wata tara, takarda kuma ita ake ƙidayawa ranar ƙarin girma. Gwaji a gonaki goma na kan dutse yana cin shekara uku da kuɗin mota da haƙuri, ƙarshe kuma akuya tana iya cinye fegi guda. Mun duba ayyukan kammala karatu na ɗalibanmu a kan riɗi da wake da gyaɗa, sai muka tarar da jadawalin nan dai, da hukuncin nan dai na yawan kwanso, kuma mu muka sa hannu a kansu.

Gyaran da muke ba da shawara bai kai girman sukar ba. A raba zuriyar kowane aure biyu tun daga shekara ta uku, rabi a tasha don tantance cuta, rabi a yafa cikin shinkafar manomi yadda shi yake yafawa. A rage yawan maimaici a wuri ɗaya, a ƙara yawan gonaki, wasu masu fuskantar rana, wasu na bayan dutse. A auna amfanin fegi gaba ɗaya, a sa irin gargajiya na wurin ya zama ma'auni a kowace gona. Sa'an nan a ƙidaya tsirran da suka tsaya a murabba'in mita sau biyu, ranar da aka kwashe shinkafa da kuma bayan wata ɗaya, a buga adadin a jadawali kusa da na kwanso. Kayan aikin da wannan ƙidaya take bukata sanda huɗu ne masu tsawon mita ɗaya, da littafi, da wanda zai yarda ya durƙusa cikin taɓo.